Katanga, Dausayi ko Ƙaura: Wanne Ya Dace da Birnin da Teku Ke Ci?

Duk birnin da ke bakin teku, da zarar ambaliya ta ci shi sau biyu ko uku a jere, maganar da ke fara fitowa daga bakin mahukunta ita ce a gina katanga. Ban ga laifinsu ba. Katanga aba ce da ido ke gani, ana ɗaukar hotonta, ana yanka ƙyalle ranar buɗe ta, magidanci kuma ya yi barci da minshari tunda akwai siminti tsakaninsa da ruwa. Sai dai ita ɗaya ce cikin hanyoyi aƙalla huɗu, kuma ta fi sauran tsada da wuyar warwarewa. Ana iya barin yashi da laka da itatuwa su tare ruwan. Ana iya gyara birnin yadda ruwa zai shigo ya fita bai yi ɓarna ba. Ana kuma iya tattara komatsai a matsa gaba. Kafin a ɗauki ko ɗaya, akwai tambayar da ta riga su duka: wane ruwa ne ke shigo mana, kuma ta ina yake biyowa?

Ruwan da ke cin birnin gaɓa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na guguwa, inda iska ke tunkuɗo teku sukutum kan tudu cikin 'yan sa'o'i. Akwai na sama, akwai na kogin da ya cika tun daga can nesa. Akwai kuma wanda ke ɓuɓɓugowa ta ƙarƙashin ƙasa da bakin kwalbatoci ranar da teku ta tumbatsa, ko da gari garau yake babu ko hadari. Mafi muni shi ne ranar da suka haɗu: ruwan sama na neman mafita, teku kuma ta cika ta toshe bakin magudanai. Katanga na maganin na farko kawai. Na sama kuwa, idan ba a yi hattara ba, ita ce ma za ta tsare shi a cikin gari.

Ita tekun tana hawa, wannan babu gardama. Rahoton 2021 na kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ta ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin hawan ƙaruwa yake, don daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara. Zuwa 2100 ana hasashen ƙarin da zai kama daga santimita 28 zuwa kimanin mita 1, gwargwadon hayaƙin da duniya ta ci gaba da fitarwa. To, a ajiye wannan milimita 3.7 a gefe, a dubi Jakarta, babban birnin Indunusiya. Wasu unguwannin arewacinta sun yi ta lotsawa har santimita 25 a shekara, wato sama da ninki 50 na hawan teku. Dalili? Ruwan famfo bai isa ko'ina ba, sai gidaje da otal-otal da masana'antu suka dinga haƙa burtsatse suna zuƙe ruwan da ke riƙe da ƙasar. Yau kusan kashi 40 cikin 100 na birnin yana ƙasa da bakin teku. Duk katangar da aka ɗora a kan irin wannan ƙasa, tare za su nutse.

Tokiyo ta taɓa shiga wannan hali. Gabashinta ya lotsa fiye da mita 4 a ƙarnin da ya wuce, saboda wannan zuƙar dai. Japan ta kafa dokoki a 1956 da 1962 na taƙaita jan ruwan ƙasa, ta kuma jawo wa masana'antu ruwa daga wani wuri, domin hani kawai ba tare da madadi ba ba ya aiki. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 nutsewar ta kusa tsayawa cak. Ƙasar da ta riga ta lotsa ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba, amma an tsayar da jinin. A ganina, duk birnin da bai auna ko ƙasarsa na nutsewa ba, bai ma kai matsayin zaɓi tsakanin katanga da wani abu ba. Tauraron ɗan'adam na auna wannan yanzu daidai da milimita, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kilomita ɗaya ta siminti.

Yanzu ga katangar kanta, da ƙofofin ƙarfe masu rufe bakin kogi. Masu sonta Holan suke nunawa, kuma suna da hujja. Ambaliyar 1953 ta kashe mutum 1,836 a ƙasar, daga nan suka shiga aikin datse bakunan kogunansu na shekaru fiye da 40. Na ƙarshe cikin manyan ayyukan shi ne ƙofar da ke kare Rotadam, wadda aka gama a 1997: ƙyamare biyu, kowane tsawonsa mita 210, kwamfuta ce ke ba da umarnin rufe su idan an hango ruwa zai kai mita 3. Abin da masu zuwa yawon ganin ido ba sa ɗauka su tafi da shi gida shi ne abin da ke bayan ƙarfen. Holan na da hukumomin ruwa na yanki tun ƙarni na 13, masu harajinsu daban da zaɓensu daban, aikinsu kenan duba ganuwar ƙasa da injinan zuƙe ruwa. Gwamnati kuma ta ware asusu na musamman da ake zuba wa sama da Yuro biliyan 1 kowace shekara. Gina katanga auren zobe ne. Ranar da aka gama ta ne ɗawainiyar ke farawa, kuma babu saki.

Niyu Olins ta Amurka ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan an yi sakaci da auren. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta ɓalle ganuwar birnin a wurare fiye da 50, ruwa ya mamaye kashi 80 cikin 100 na garin, mutane fiye da 1,000 suka rasu. Binciken da ya biyo baya ya gano wasu bangayen sun faɗi tun ruwa bai kai tsayin da aka gina su dominsa ba. Nan ne mugun halin katanga yake. Muddin tana tsaye, jama'a na ƙara gini a bayanta, ƙasa na ƙara lotsawa saboda an tsane ta, har gari ya koma kamar kwano. Ranar da ta tsage, ruwan da da can zai tsaya a gwiwa sai ya kai rufin ɗaki, kuma ba ya fita sai da inji. Adalci dai a faɗi ɗaya ɓangaren: an kashe kimanin dala biliyan 14.5 an sake gina tsarin, kuma da guguwar Ida ta zo a 2021, ranar 29 ga Agusta kamar Katrina, ganuwar ta riƙe. Katanga na aiki. Tambayar ita ce wa ke da biliyan 14.5, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin mai da gyaran injinan bayan shekara 30.

Ƙofofi masu buɗewa da rufewa suna da tasu matsalar, wadda hawan teku ke ƙara tsananta. An yi su ne don a rufe jefi-jefi. Ƙofar kogin Tames da ke kare Landan ta fara aiki a 1982, shekarunta na farko ba kasafai ake taɓa ta ba, amma a hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai an rufe ta sau 50. Kowace rufewa na cin lokacin gyara da ƙarfin injin. Benis ta Italiya ta fi nuna abin a fili. An fara aikin ƙofofinta 78 a 2003, aka kashe kusan Yuro biliyan 6, badaƙalar cin hanci ta ɓarke a 2014 har aka kama manya, sai a Oktoban 2020 aka fara ɗaga su, kusan shekara guda bayan ambaliyar da ta kai santimita 187. Suna tare ruwa sosai. Amma tafkin da birnin ke ciki yana buƙatar shigar teku da fitarta don wanke ƙazanta, jiragen ruwa kuma na buƙatar hanya. Idan teku ta hau har ya zama kullum ƙofa a rufe, an ceci gine-gine an shaƙe tafkin.

Akwai wuraren da ƙasar ce ma ba ta karɓar katanga. Mayami ta Amurka na zaune kan dutsen farar ƙasa mai huda-huda kamar soso, ruwa na bi ta ƙarƙashi ya fito a tsakiyar titi. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Yashi na tafiya a gefen gaɓa da igiyar ruwa, duk abin da ka gitta masa ka hana na gabanka rabonsa. Tun da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome a shekarun 1960, yashi ke taruwa a yammacinta, teku kuma na cin gabas, har sai da aka janye titin gaɓa zuwa ciki. A Bangaladash an kewaye filaye da ganuwar ƙasa tun shekarun 1960, sai ganuwar ta hana laka shiga ta ɗaga ƙasar kamar yadda take yi da, aka wayi gari cikin wasu kewayen ya fi dajin da ke maƙwabtaka da shi zurfi da mita 1 zuwa 1.5. Da guguwar Aila ta ɓalle su a 2009, wasu ƙauyuka sun kusa shekara biyu ruwa na shiga yana fita.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne San Luwi ta Sanagal. A Oktoban 2003 kogin Sanagal ya cika yana barazanar cinye birnin, sai hukuma ta yanka hanya mai faɗin mita 4 a siririn zirin yashin da ya raba kogi da teku, don ruwa ya samu mafita. Ambaliyar ta sauka kuwa. Amma tsagar ta ci gaba da buɗewa da kanta har ta kai kilomitoci, ruwan gishiri ya lalata gonaki, ƙauyen Dun Baba Jey ya tafi baki ɗaya, masunta da yawa kuma sun halaka a bakin mashigar. Gyaran gangar auzinawa kenan. Ba mugunta aka yi ba, gaggawa ce aka yi ba tare da an fahimci yadda yashin wurin ke tafiya ba.

Hanya ta biyu, ta barin halitta ta yi gadi, ta fi daɗin ji, shi ya sa ake yawan zuzuta ta fiye da kima. Itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, suna karya ƙarfin igiya sosai: faɗin mita 100 na iya rage tsayinta da kashi 13 zuwa 66 cikin 100. Suna tara laka, wato suna ɗaga ƙasa da kansu yayin da teku ke hawa, abin da siminti ba zai taɓa yi ba. Kifi na hayayyafa a cikinsu. Guguwa ta karya su, su sake tohowa ba tare da kwangila ba. Amma igiya daban, tunkuɗowar teku gaba ɗaya daban. Ita wannan, kilomita guda cur ta daji ba ta rage ta fiye da santimita 5 zuwa 50. Birnin da gine-gine suka kai bakin ruwa, ina zai samo kilomita uku ko huɗu na fili? Shukar ma ba ta da sauƙi yadda ake zato. A Filifin an dasa miliyoyi, aka gano kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kaɗai suka rayu, don an dasa irin da bai dace ba a wurin da bai dace ba. A Demak ta tsibirin Jaba a Indunusiya sai suka juya dabarar: suka kafa shingen gora da kirare mai barin ruwa ya wuce ya bar laka, suka bar itatuwan su tsiro da kansu inda ƙasa ta taru. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne, dajin da ke raye tun asali ya fi wanda za a dasa araha nesa ba kusa ba, kuma sa hannu ɗaya a takardar rabon filaye ya isa ya kashe shi.

Zuba yashi ɗan'uwan wannan ne. A 2011 Holan ta jibge yashi mai yawan mita miliyan 21.5 ta auna tsawo da faɗi da zurfi a wuri ɗaya kusa da birnin Heg, ta bar iska da igiya su rarraba shi cikin shekara 20. Dabara ce mai kyau ga gaɓar da ke da yashi a kusa da jiragen yasa. Inda kuwa ake kwasar yashin gaɓa da tifa ana sayar wa magina, fara hana kwasar ya fi sayo wani a zuba.

Hanya ta uku ba ta da kwarjini, amma ita ce ta fi biyan kuɗinta: a yarda ruwa zai shigo, a shirya masa. A unguwar tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Hambug a Jamus, ba a kewaye sabbin gine-gine da ganuwa ba, an ɗora su da tituna a kan tudun da ya kai kimanin mita 8, aka bar hanyoyin shan iska na bakin ruwa su nutse idan sun ga dama. Tun kafin su, Galbeston ta Amurka, bayan guguwar 1900 da ta kashe aƙalla mutum 6,000, ta gina bango mai kimanin mita 5, sannan ta ɗaga gine-gine wajen 2,000 da jak, ta ɗura yashi a ƙarƙashinsu. Rotadam ta yi dandalin wasa mai zurfi a 2013, wanda yara ke ƙwallo a ciki ranar rani, ya zama tafki ranar mamako. A ƙasan wannan jeri akwai aikin da babu mai yanka masa ƙyalle: yashe magudanai, kwashe shara kafin ta toshe kwalbati, sa wa bakin magudanar murfin da ke buɗewa waje ɗaya don kada teku ta biyo ta, ɗaga na'urorin lantarki na asibiti daga ƙasan bene zuwa sama.

Idan kuwa rai ake son ceta kafin dukiya, babu abin da ya kamo ƙafar gargaɗi da mafaka. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladash, ta 1991 ta kashe kimanin 138,000, ta 2007 mai ƙarfi irin nasu ta kashe ƙasa da 5,000. Ba katanga ce ta kawo wannan bambanci ba. Hasashen yanayi ne, da dubban 'yan sa-kai masu bi lungu-lungu da lasifika, da gine-ginen mafaka a kan ginshiƙai waɗanda makarantu ne a sauran ranaku. Iyakar wannan hanya dai a bayyane take. Tana ceton mutum, ba ta ceton shagonsa, kuma ba ta da amsa ga unguwar da ruwa ya zauna mata dindindin.

Sai ƙaura, kalmar da ɗan siyasa ba ya son furtawa. Ta yiwu a ƙananan wurare. Ƙauyen Bunidogolowa na Fiji ya matsa kimanin kilomita 2 cikin tudu a 2014. Bayan guguwar Sandi ta 2012, jihar Niyu Yok ta sayi ɗaruruwan gidaje a tsibirin Staten ta rushe, ta bar wurin ya koma dausayi, kuma mazauna ne da kansu suka nemi hakan. Amma a lura da tsadar: dala miliyan 48 aka ware a 2016 don tayar da wani tsibiri a jihar Luwiziyana ta Amurka mai gidaje 'yan gomomi. Indunusiya ta sanar a 2019 za ta mayar da babban birninta tsibirin Borniyo, sai dai ofisoshi ne za su tashi, mutum sama da miliyan 10 na Jakarta suna nan inda suke. Ga kuma inda abin ke zama zalunci: a kori masunta da talakawa da sunan haɗarin ambaliya, bayan shekara biyu a ga an cike wurin an dasa benaye. Duk shirin ƙaurar da babu diyya, babu sana'a a sabon wuri, babu dokar da ta haramta sake gini a tsohon, kwace ne aka sa wa riga.

Da ni ke riƙe da kasafin birni mai kuɗi kaɗan, ga yadda zan jera su. Zan fara da auna nutsewar ƙasa da jawo ruwan famfo don a rufe burtsatse, sai magudanai da gargaɗi da mafaka, domin waɗannan suna amfani ko teku ta hau santimita 30 ko mita guda. A rana ɗaya zan sa hannu kan dokar da ta hana sabon gini a dausayi da bakin gaɓa, tunda ƙaura mafi araha ita ce ta gidan da ba a kai ga ginawa ba. Katanga zan ajiye ta ga inda dukiya da jama'a suka cunkushe kuma ba sa ɗaguwa, kamar tashar jiragen ruwa, tashar lantarki da tsakiyar gari, kuma ba zan karɓi zanenta ba sai an nuna mini kuɗin kula da ita na shekara 50 da inda za su fito, da abin da za ta yi wa gaɓar da ke gaba da ita. Inda fili ya samu, daji a gaba katanga a baya ya fi kowannensu shi kaɗai, don itatuwa na karya igiya sai bangon ya zama gajere mai araha. Birni mai arziki da ƙasa mai tauri da hukuma mai riƙon amana na iya juya jerin ya fara da ƙofar ƙarfe. Singafo ma ta ce tana iya kashe dalarta biliyan 100 cikin shekara 100 kan wannan, kuma tana da halin yi.

Abu ɗaya da zan aro daga Landan ba ƙofarta ba ce, tsarin da ta yi wa bakin kogin Tames ne har zuwa 2100. Ba su ɗaure kansu da gini ɗaya ba. Sun zana hanyoyi da dama, suka sa ma'aunai da ake dubawa a kai a kai, irin su tsayin teku da yawan rufe ƙofa da lafiyar bangaye, suka ce idan ma'auni ya kai kaza sai a koma mataki na gaba. Da suka sake bitar tsarin a 2023, sai suka matso da wa'adin ɗaga bangayen cikin birni zuwa 2050, suka kuma sa 2040 a matsayin shekarar yanke shawara kan abin da zai gaji ƙofar yanzu, wadda ake sa ran za ta kai 2070.